Masu Ɗaga Ƙarfe a Gema: Salo Ɗaya ko Sauyi Kullum?

Duk wanda ya ratsa unguwar Gema a Paraku bayan sallar asuba zai tarar da samarinmu cikin kango suna ɗaga ƙarfe. Kayan aikin kuwa gwangwani biyu ne cike da siminti, an soka musu bututu. A Zangon Jugu ma haka abin yake.

Gardama ta raba su. Wasu kullum sai sabon salon da suka gani a waya. Wasu salo uku ko huɗu suka riƙe wata da watanni. Mu dai muna bayan na biyun. A makonnin farko jijiyoyi ne ke koyon aikin. Tsoka ba ta nuna kauri sai bayan kamar mako 6 zuwa 8, shi ma sai ana ƙara nauyi kaɗan-kaɗan. To, mai sauyawa kullum, da me zai auna ci gabansa?

Amma fa a dubi 'yan dakon kasuwar Arzeke: ƙarfi kamar me, ga kukan ciwon baya, saboda aikin iri ɗaya ne. Idan kafaɗa ta fara tsami, ko nauyi ya ƙi ƙaruwa, sannan a sauya. Ƙafafu ma, da yaranmu suka yi wa rowa, a ba su ranarsu.