Mai karɓar baƙi ya san shimfiɗa gado?

Tsakanin sha biyun rana da ƙarfe biyu ake gane otal mai tsari. Baƙin jiya suna miƙa makulli, na yau sun iso da jakunkuna, a sama kuma masu gyaran ɗaki suna ta fama: a yaye zanin gado, a shimfiɗa sabo, a wanke banɗaki, a sauya tawul. Ɗaki ɗaya kan ci kusan rabin awa in ana son aiki mai kyau. Mai karɓar baƙin da bai taɓa yin wannan aiki ba sai ya ce, "Minti biyar, ranka ya daɗe." Baƙo ya zauna yana duban agogo har ransa ya ɓaci. Wanda kuwa ya taɓa yin mako guda a sama da bokiti da tsumma ba zai yi wannan alkawari ba. Zai faɗi gaskiyar lokaci, ya kawo ruwan sanyi, ya kira sama ya ce ga ɗakin da za a fara da shi.

Amfanin koya wa ma'aikaci aikin sashen da ba nasa ba ke nan, kuma aikin otal ya fi yawancin sana'o'i bukatarsa, domin cinikinsa ba ya tafiya bai ɗaya. A Kano, ɗakuna kan cika lokacin hawan Sallah da bukukuwan aure na ƙarshen mako. Da azumi kicin yana shiru da rana, dab da magariba kowa ya rasa inda zai sa kansa. Manaja ba zai iya ɗaukar sababbin mutane saboda awa biyu ba. Amma in mai wanki da guga ya iya jera tebur da ɗaukar faranti, an huta. A shekarar 2020, da korona ta sa otal-otal suka rage ma'aikata, ƴan kaɗan da suka saura dole ta sa suka riƙe sassa da yawa, galibi ba tare da wani ya taɓa nuna musu ba.

Dare ma abin dubawa ne. Ƙarfe biyu, an ɗauke wuta, daga mai gadi sai mai karɓar baƙi. Ya kamata kowannensu ya san inda tukunyar kashe gobara take, da ƙofar da za a fitar da mutane, da wanda za a kira.

Kamfanin otal na Ritz-Carlton ya shahara da ba kowane ma'aikacinsa izinin kashe har dala 2,000 don warware matsalar baƙo ba tare da jiran manaja ba. Ba a ba mutum irin wannan amana sai an koya masa yadda gidan gaba ɗaya yake tafiya.

Sai dai akwai abin da ke damuna ƙwarai. Wasu masu otal suna fakewa da wannan, su ɗora wa yaro aikin mutum uku a kan albashin mutum ɗaya, alhali mafi ƙarancin albashi na ƙasa, naira 70,000 da aka tsayar a 2024, ba kowa ke ganinsa ba. Wannan ba horo ba ne, ƙwarar ma'aikaci ce. Horo na gaskiya yana da lokaci, da mai koyarwa, da takardar shaida, da ƙarin kuɗi ko ƙarin girma a bayansa. Ta wannan hanya ce yarinyar da ta fara da shara take zama shugabar sashe, ta kuma daina tunanin barin aiki.

Wuraren koyo suna nan. NIHOTOUR, cibiyar gwamnatin tarayya mai koyar da aikin otal da yawon buɗe ido, tana da reshe a Bagauda, jihar Kano. Asusun horar da ma'aikata na ITF, wanda aka kafa a 1971 mai hedikwata a Jos, yana karɓar kashi 1 cikin 100 na jimillar albashi daga kamfanonin da doka ta shafa, yana kuma iya mayar wa kamfani har rabin kuɗin idan ya nuna shaidar horar da mutanensa yadda aka tsara.

A wannan koyon aikin wani sashe, kicin ne kaɗai wurin da ba a yi wa gaggawa. Wanda ya fito daga wankin banɗaki ba zai taɓa abinci ba sai ya sauya tufafi, ya wanke hannu da sabulu, ya kuma koyi raba wuƙar ɗanyen nama da ta latas da tumatir.