ƘUNGIYAR TAIMAKO: YAYA TAKE AIKI, INA TAKE SAMUN KUƊI?

 Yau zancenmu a kan ƙungiyoyin taimako ne, waɗanda ake ce ma O.N.G. Kuna ganin motocinsu suna ratsa garuruwa. Kun ga rijiyoyi da ɗakunan shan magani da suka gina. Mutane da yawa suna tambaya: su wa ke ba su kuɗi? Mi suke samu ciki?

Mi ake nufi da ƙungiya mara neman riba?

Ɗan kasuwa ya sayi hatsi da kaka, ya sayar da bazara, abin da ya hau nasa ne. Ƙungiyar taimako ba haka take ba. An kafa ta don wani aiki: lafiya, ko ilimi, ko ruwan sha, ko noma. In kuɗi sun yi saura a ƙarshen shekara, ba a raba ma shugabanni. Ana maida su cikin aikin. Tana iya biyan ma'aikatanta albashi, kamar direba da likita da mai lissafi, amma albashi ladan aiki ne, ba riba ba. Kuma ita ba ta gwamnati ba ce. Shi ya sa ake ce mata mai zaman kanta.

Yaya ake kafa ta?

A Nijar, dokar ranar 1 ga watan Maris 1984 ta tsara sha'anin ƙungiyoyi. Mutane su taru su rubuta sunan ƙungiya, da manufarta, da dokokinta, su kai ma hukuma don neman izini. Babban taron membobi shi ne mai iko. Shi ke zaɓen shugaba, da magatakarda mai rubutu, da ma'aji mai riƙon kuɗi. A ƙarshen shekara ma'aji ya tsaya gaban taro ya karanta abin da ya shigo da abin da ya fita.

Ina kuɗi suke fitowa?

Hanya ta farko ita ce zubin membobi, kowane wata ko kowace shekara.

Hanya ta biyu ita ce kyautar mutane. Ga misali ƙungiyar likitoci ta M.S.F., wadda aka kafa a Faransa a 1971. A shekarar 2005, lokacin ƙarancin cimaka, ta yi jinyar dubban yara masu tamowa a jihar Maraɗi. Fiye da kashi 90 cikin 100 na kuɗinta daga masu kyauta suke zuwa, ba daga gwamnatoci ba. Mutane ne miliyoyi, kowa yana ba da ɗan abin da ya iya.

Hanya ta uku ita ce tallafin gwamnatocin ƙasashen waje da manyan hukumomi. Wannan kuɗi da sharaɗi yake zuwa. Ƙungiya ta rubuta takarda ta ce: rijiya kaza za mu gina, a gari kaza, cikin shekara kaza. In an ba ta, ba ta da ikon sayen wani abu dabam da kuɗin. Kowace tamma sai an nuna takardarta, kuma masu bincike suna zuwa su duba.

Hanya ta huɗu ita ce aikin ƙungiyar da kanta, kamar gonar gayya ko injin niƙa.

Kuɗin waje suna da amfani, amma ba su da tabbas. A 2025 gwamnatin Amurka ta rufe hukumarta ta ba da taimako, USAID. Ayyuka da yawa na lafiya da abinci suka tsaya a ƙasashen Afirka, ma'aikata suka rasa aiki.  Haka ma wanda ya dogara da tukunyar maƙwabci, ranar da ba a ɗora ba sai ya kwana da yunwa.

Dubarar matan Maraɗi

Ƙungiyar CARE an kafa ta a Amurka a 1945, don aika abinci ga mutanen Turai bayan yaƙin duniya na biyu. Ta zo Nijar a 1974, lokacin babban fari. A 1991 ta soma wani aiki da matan ƙauyukan Maraɗi, mai suna Mata Masu Dubara. Ba ta ba su jari ba. Ta koya musu tsari, ta ɗora shi a kan adashen da suka saba.

Ga yadda abin yake. Mata kamar 30 su taru kowane mako. A ce kowace ta zuba dala 20. Dala 20 sau 30, dala 600 ke nan, wato jika 3. Cikin mako 10 an tara jika 30. Kuɗin suna cikin akwatin ƙarfe mai kwaɗo 3, makullan suna hannun mata 3 dabam dabam. Ba a buɗe shi sai gaban kowa. Mai son jarin ƙuli-ƙuli ko tuyar ƙosai ta ci bashin jika 5, in lokaci ya yi ta maido da ɗan ƙari, kamar dala 100, yadda suka shirya tsakaninsu. Akwai kuma wani ɗan asusu na rashin lafiya da rasuwa. In zagaye ya cika, su raba abinsu su sake sabon zubi. A nan rabo ya halatta, don kuɗin nasu ne. Ma'aikacin CARE ya koyar ya tafi, akwati yana nan. Wannan tsari da ya tashi daga Maraɗi ya bazu zuwa ƙasashe da yawa na Afirka da Asiya.

Abin lura

In wata ƙungiya ta zo garinku, ku tambayi takardar izininta. Ku tambaya wa ya ba da kuɗin, aikin shekara nawa ne, kuma wa zai gyara famfo bayan sun tafi. In kun zuba kuɗi, ku karɓi takarda. Wanda ya ce a ba shi kuɗi kafin a rubuta sunanku cikin masu samun taimako, ku sanar da maigari ko magajin gari.

A nan karatunku yake da rana. Wanda ya iya karatu da lissafi yana duba littafin ma'aji da idonsa, ba sai an gaya mishi ba. Ku riƙe allo da alli da kyau.