Na'urar Da Ke Karanta Wa Makaho Takarda

Ya ku malamai da 'yan kasuwa, kun sani a ƙasar Hausa makaho bai taɓa zama baƙo a zauren karatu ba. Da kunne yake ɗaukar Alƙur'ani har ya haddace, ya biya wa masu ido. Malam Aliyu Namangi na Zariya, mai Imfiraji, da ka ya tsara baitocinsa, wasu suka rubuta. Abin da ya gagari makaho tun dā shi ne takarda. In wasiƙa ta zo sai ya nemi mai karanta masa, asirinsa kuwa ya zama na mutum biyu.

To, yanzu akwai manhajar da ake sa wa kwamfuta ko wayar hannu, aikinta ta bi rubutun da ke kan allon na'urar ta faɗe shi da murya, kalma bayan kalma. Makaho yana danna maɓalli ko ya shafa yatsa, ita kuwa tana gaya masa inda yake. Wani Ba'amurke mai suna Ted Henter, wanda ya makance a haɗarin mota a 1978, shi ya fito da JAWS, amma kuɗinta ba na talaka ba ne. A 2006 Michael Curran, makaho ɗan Ostireliya, ya soma NVDA, James Teh ya kama masa, suka bar ta kyauta. Wayoyi ma sun sami nasu tun 2009: VoiceOver a iPhone, TalkBack a Android. Da wannan makaho mai sayar da hatsi zai ji da kunnensa ko kuɗin banki sun shigo, ba sai ya gaskata bakin mai saye ba.

Akwai kuma wani iri wanda ba a sa shi cikin na'ura sam, a intanet yake zaune. Misalinsa WebAnywhere, wanda Jeffrey Bigham da abokansa suka fito da shi a Jami'ar Washington a 2008. Hikimarsa ita ce ɗalibin da ba shi da kwamfuta tasa ya shiga kowane shago ko ɗakin karatu, ya buɗe, murya ta zo masa daga nesa. Lalle dabara ce mai kyau ga matalauci, musamman da yake tun 2015 jarrabawar JAMB ta koma ta kwamfuta.

Amma fa wanda ya ari riga, ran da mai ita ya so zai tuɓe. A watan Satumba na 2021 aka yanke layukan waya da intanet a ƙananan hukumomi goma sha uku na Jihar Katsina saboda 'yan bindiga, har da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, aka yi watanni a haka. Mai ido ya rasa kira, amma littafinsa na hannunsa. Makahon da karatunsa ya rataya a kan intanet kuwa, a irin wannan hali ya rasa duka biyu. Saboda haka a ganinmu, ga ɗalibin waɗannan garuruwa, manhajar da ke zaune cikin na'ura ta fi. NVDA tana shiga ɗan filash, a sa a aljihu, ta karanta littattafan da aka adana ko babu layi. Masu shagunan kwamfuta a Funtuwa da Malumfashi, sa ta bai ci muku ko kwabo.

Saura maganar harshe. Muryar da aka yi domin Turanci ba ta san ƙ da ɗ da ɓ ba, kuma boko ba ya nuna tsawon wasali, sai ta kasa raba gari na zama da gari na tuwo. A nan ajami ya fi, domin yana ja inda ake ja. Sai dai yawancin ajaminmu rubutun hannu ne, in an sa shi a waya hotonsa ake ɗauka, manhajar kuwa ba ta gane rubutun hannun ajami a hoto. Malamin da ke son almajirinsa makaho ya amfana da waƙa ko fassara, sai ya sa a buga ta harafi harafi da na'ura, ko kuwa ya karanta da bakinsa a naɗa, a tura masa muryar.