Me Ya Sa Ɗan Gudun Hijira Ke Ƙarewa a Ƙwadago?

Tun 2019 dubban mutanen Katsina, Zamfara da Sakkwato suka tsere wa 'yan bindiga zuwa jihar Maraɗi. Manomin da ya baro gonarsa ba jari, ba mai tsaya masa, to sai ƙwadago ko ga-ruwa.

'Yan Siriya a Turkiyya kuwa takarda ce ta taka musu birki. A 2016 aka amince su yi aiki da izini, amma mai kamfani ne zai nemo izinin, kuma kada su wuce kashi 10 cikin 100 na Turkawan wurin. Ka ga, ɗaukarsu a ɓoye ya fi masa arha.

Don haka 'yan uwa ɗalibai, baƙon da ke tura baro a kasuwar Kankiya, wataƙila gona ko sana'a ya baro a gida.