Ƙera Ƙananan Jiragen Yaƙi: Wasa Ne Ko Ilimi?

Gabatarwa

Ni haifaffen Anacha ne. A babbar kasuwar garin na fara jin Hausa, a shagon kayan lantarki na mahaifina, wurin 'yan kasuwar Arewa da ke salla a masallacin Bida Road. A shagon kuma na koyi ƙera ƙananan jiragen yaƙi masu tashi. Mutane da dama na ɗaukar wannan aiki wasan yara ne, kamar motar kara ko ta langalanga. Wannan maƙala za ta nuna cewa ƙa'idar da ke riƙe babban jirgi a sama ita ce ke riƙe ƙarami, kuma kowane jirgin yaƙi yana tafe da tarihinsa.

Awo

Samfurin jirgi iri biyu ne. Akwai na ajiya, wanda ake harhaɗawa da roba a yi masa fenti a ɗora kan tebur. Awonsa da ya fi shahara shi ne 1:72, wato kowace santimita ɗaya a jikinsa tana madadin santimita 72 a jikin jirgin gaske. Akwai kuma mai tashi, wanda ake sarrafawa daga ƙasa da rimot.

Jirgin da na zaɓa shi ne MFI-9B, ƙirar Suwidin, wanda na gani a Gidan Tarihin Yaƙi na Umahiya. Faɗinsa daga bakin fiffike zuwa bakin fiffike mita 7.43 ne. Na raba shida, sai na sami kusan santimita 124. Haka na raba tsawon gangar jiki da na wutsiya. Idan aka rage wani sashe aka bar wani, jirgin ya tashi daga kamanninsa.

Kayan Aiki

A ƙasashen Turai da katakon balsa marar nauyi ake yin irin wannan aiki. Ni kuwa da farin soso mai tauri na yi, irin wanda ake tallafe sabon firij da shi cikin kwali, domin a kasuwarmu zubar da shi ake yi. Sauran kayan su ne gam, da siraran sandunan gora na ƙarfafa fiffike, da ƙaramin inji mai juya farfela, da batir, da rimot, da wasu ƙananan na'urori masu ja da saki da ake kira sabo.

Sassa uku ne ke juya jirgi. Da yake ban ci karo da sunayensu a Hausa ba, ga abin da nake kiran su. Leɓen fiffike shi ke karkatar da jirgi dama ko hagu. Leɓen wutsiya na kwance shi ke ɗaga hancinsa ko ya sunkuyar da shi. Na tsaye kuwa akala na sa masa, don shi ke jan kansa. Ina roƙon 'yan'uwa ɗalibai su gyara mini inda na kauce.

Daidaita Nauyi

Nan ne gizo ke saƙar. Fiffike yana ɗaga jirgi ne saboda yana karkatar da iskar da ke ratsa shi zuwa ƙasa, ita kuma ta tura shi sama. Amma sai nauyi ya zauna a wurin da ya dace. Ana auna faɗin fiffike daga gaba zuwa baya, a sa yatsu biyu a ƙarƙashinsa wajen kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku daga gaba, a ɗaga. Idan jirgin ya tsaya daidai, to madalla. Idan wutsiya ta rinjaya, sai a matsar da batir gaba.

Ban san wannan ba a karon farko. Jirgina ya tashi, ya ɗaga hanci kamar raƙumi, ya tsaya cik, ya faɗo. Aikin wata biyu ya tarwatse cikin daƙiƙa goma. Bahaushe ya yi gaskiya da ya ce gaggawa ba ta haifar ɗa mai ido.

Tarihin Jirgin

A watan Mayu na 1969, lokacin yaƙin basasa, wani matuƙi ɗan Suwidin mai suna Carl Gustaf von Rosen ya kawo wa Biyafara irin waɗannan jirage guda biyar ta ƙasar Gabon, an ɗaura musu rokoki. Suka kai hari filayen jirgin sama na Fatakwal da Binin da Inugu. Asalinsu kuwa na koyon tuƙi ne.

Ina cikin yi wa na biyu fenti sai wani dattijo mai sayar da goro, abokin mahaifina, ya tsaya a kaina. Ya ce, “Ɗana, wace tuta za ka sa masa?” Na ce, “Baba, wadda na gani a jikinsa.” Ya yi shiru, sannan ya ce yayansa soja ne, yana cikin waɗanda suka halaka a Kwara a 1967, lokacin da sojojin tarayya ke ƙoƙarin tsallakowa Anacha daga Asaba. Ni ma kakana a yaƙin ya rasa 'ya'ya biyu, yunwa ta kashe su. Baba bai hana ni ba. Ni ne na bar jirgin da korensa kawai, babu tutar kowa.

Kammalawa

Wanda ke sha'awar wannan aiki ya fara da jirgi mai sauƙi, ya nemi fili nesa da jama'a da wayoyin lantarki da barikin soja da filin jirgi. Ya kuma sani tun 2016 hukumar NCAA ta shar'anta neman izini kafin a tashi jirgi marar matuƙi. Aikin yana da gaba, domin a Kaduna aka ƙaddamar da Gulma a 2013 da Tsaigumi a 2018, jirage marasa matuƙa na rundunar sojan sama, duka da sunan Hausa. Tunda jiragen sun sami suna a harshen, ya rage gare mu ɗalibansa mu samar wa sassansu.