Vince Lombardi: Daga Sahun Gaba Zuwa Kujerar Koci

A ƙwallon Amurka, wadda yawanci da hannu ake yin ta, akwai ƙarti da ke jeruwa a sahun gaba. Ba su cika taɓa ƙwallo ba. Aikinsu su ture abokan karawa, su buɗe wa mai gudu hanya, tafi kuwa mai gudun ake yi wa.

Wannan aiki Vince Lombardi ya yi a Jami'ar Fordham ta birnin Niyok. A 1936 yana cikin 'yan sahun da aka yi wa laƙabi da Duwatsu Bakwai. Tun farko ya so zama fada, amma ya fasa. A 1939 ya kama koyar da Latin da kimiyya a sakandaren St. Cecilia, yana kuma horar da yara wasa. Daga nan ya daɗe yana mataimakin koci. Ya yi imani cewa asalinsa na Italiya ne ya sa ake tsallake shi.

Sai a 1959, yana da shekara 45, ƙungiyar Green Bay ta ba shi ragama, bayan ta ci wasa 1 tak cikin 12. Cikin shekara 9 ya ɗauko mata kofin ƙasa sau 5, da dabarar da ta dogara kan 'yan sahun gaba.

Abin da ya fi burge mu shi ne dokarsa: duk gidan abincin da ya ƙi karɓar baƙaƙen 'yan wasansa, ya haramta wa ƙungiyar duka shigarsa. Ya rasu a 1970.