Edward Angle da Rabe-raben Haɗuwar Haƙora

Wani fanni na ilmi ba ya tsayawa da ƙafafunsa sai ma'abotansa sun yarda da sunayen da za su riƙa kiran abubuwa da su. Wannan shi ne babban aikin da Edward Angle ya yi wa ilmin daidaita haƙora.

An haife shi a jihar Pennsylvania ta Amurka cikin 1855, a can kuma ya koyi likitancin haƙori. A zamaninsa yawancin masu sana'ar sukan dubi karkataccen haƙori shi kaɗai, su miƙe shi ko su cire. Shi kuwa Angle sai ya mai da hankali ga yadda jerin sama da na ƙasa suke haɗuwa in an rufe baki. Cikin 1899 ya buga rabe-rabensa, inda ya ɗauki turmin farko, watau haƙorin taunan da kan fito wa yaro wajen shekara 6, ya mai da shi ma'auni. Aji na farko, turame sun haɗu daidai amma sauran haƙora sun karkace ko sun cushe. Aji na biyu, turmin ƙasa ya koma baya. Aji na uku, ya zarce gaba. Da haka likitoci biyu da ke nesa da juna suka iya bayyana bakin mutum ɗaya da kalma ɗaya.

Cikin 1900 ya buɗe makarantar wannan fanni a birnin St. Louis, domin ya zama sana'a mai zaman kanta. Ya kuma ƙera kayan aiki iri iri. Na ƙarshensu, wanda ya bayyana cikin 1928, 'yan ƙarafa ne da ake ɗaurawa a haƙora, a zura musu waya mai kusurwa huɗu. Daga gare shi yawancin na yau suka samo asali.

Amma fa ba dukan ra'ayinsa ne ya ɗore ba. Ya dage cewa kada a cire lafiyayyen haƙori don a sami fili. Bayan rasuwarsa cikin 1930, almajirinsa Charles Tweed ya ga haƙoran waɗansu da ya yi wa aiki suna komawa yadda suke, sai ya koma ga cirewa inda ta kama. Sa'an nan rabe-raben nasa gaba da baya kaɗai suke aunawa, ba su kula da faɗi ko tsawon fuska ba. Duk da haka, har wa yau da azuzuwan nan uku ɗalibin likitancin haƙori yake fara bayanin abin da ya gani a bakin majiyyaci.